Sisin Fudin Baba

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ranar sha ɗaya ga watan Cika-ciki, na ɗora wuƙa a kan fudin. Mu tara ne a tsakar gida: ni, da ƙanwata mai bi mini da mijinta da ƴaƴansu uku, da autanmu da matarsa da ɗiyarsu guda. Ta goma ita ce Inna, mahaifiyarmu, tana cikin ɗakinta tana takaba, asabari a sauke. Baba ya cika wata biyu da rasuwa. Na san lokacin daidai saboda agogonsa ne a hannuna, kuma na duba shi kafin in yanka, yadda shi ma yake yi.

Dole in fara da bayanin fudin, domin ban san wani gida a ƙasar Konni da ke yin sa ba sai namu. Baba, yana saurayi, ya tsallaka iyaka ya yi aikin kuku a Sakkwato, a gidan wani Baturen Ingila. A can ya ga abin da suke dafawa lokacin sallarsu ta Kirsimeti. Dunƙulallen abinci ne baƙi, mai zaƙi, mai nauyi, da ake ƙullewa cikin ƙyalle a dafa a ruwa kusan yini guda. Ya ce kafin a dafa, kowa a gidan sai ya zo ya juya ƙullun, daga ƙarami zuwa babba, har masu aiki. Sannan a jefa sisi na azurfa a ciki, wanda ya same shi a rabonsa su ce shekararsa za ta yi kyau. In an kawo shi tebur sai su kwarara masa giya su ƙyasta ashana, ya kama da wuta. In sun gama ci kuma su zauna wasan tambaya, ɗaya ya ɓoye abu a ransa, saura su bi shi da tambayoyi har su gano. Baba na tsaye da tire a hannu, yana kallo.

Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu, ya bar wa Baba sisin. Baba ya dawo ƙauyenmu kusa da Bazaga, ya kama noman gero da wake kamar kowa. Bai bar fudin ba, gyara shi ya yi. Ya cire giya da wuta. Ya cire zancen sa'ar shekara, ya ce wannan na Allah ne. Ya ɗauke shi daga sallar da ba tamu ba ya kawo shi Cika-ciki, lokacin da kowane gida ke dafa abin da ya ajiye na ragon Layya. Sannan ya haɗa sisin da wasan tambaya ya maishe su abu ɗaya. Maƙwabta sun yi ta dariya. Wani malami ma ya taɓa zuwa ya tambayi abin da ake sawa ciki. Baba ya lissafa masa ɗaya bayan ɗaya, ya ba shi yanka guda. Malamin ya ci, ya ce babu laifi, sai dai zuma ta yi kaɗan.

Ga yadda ake yi, kuma ba a taɓa sauya jerin ba. Ranar takwas ga wata a je Konni a sayo garin alkama, dabino, citta, kanumfari da zuma. Ranar tara a cire ƙwallon dabino a yayyanka, a jiƙa kitsen ragon Layya da aka shanya don gishiri ya fita, a daddatsa shi. Ranar goma da hantsi a haɗa ƙullu a babbar ƙwarya, da ƙwai shida. Kowa ya juya sau uku da muciya, daga gabas zuwa yamma, ƙarami ya fara. Babban gida shi ne na ƙarshe. In ya karɓi muciya kowa ya juya baya, shi kuma ya jefa sisin ya juya, don kada wani ya san gefen da ya faɗa. A juye ƙullun cikin ƙyalle da aka barbaɗa wa gari, a ɗaure, a dafa har la'asar sakaliya, a rataye a ɗaki. Ranar sha ɗaya, da masu azumin tara da goma sun sauke, a ɗumama shi a yanka.

Wasan kuma ƙa'idarsa huɗu ce. Ta ɗaya, wanda ya ji sisi a bakinsa ya yi shiru, ya ɓoye shi a tafin hannu. Ta biyu, in an gama ci mai tambaya ya fuskanci bango, wanda ya samu ya buɗe hannu kowa ya gani, ya rufe. Ta uku, mai tambaya ya juyo ya yi tambaya uku kacal, kowace ga mutum dabam, amsa i ko a'a, ba ambaton suna. Ta huɗu, ba a ƙarya. Baba yakan ce, “Namiji ne?” Sai ya juya ga wani, “Ya kai azumi?” Sai ga wani, “Yana hannun damana?” Daga nan ya nuna mutum da muciya ya ce, “Kai, buɗe.” Ban tuna shekarar da ya kuskure ba. Wanda ya samu a ba shi gindin fudin, inda zuma ke taruwa. A wanke sisin a mayar cikin gwangwanin Baba sai baɗi.

Ni ce ɗiyar fari. Shekara shida na yi a lakwal, wato makarantar boko, daga baya na samu aikin shara da jera kaya a gidan likita a Illela, kuma ba a taɓa neman abu a rasa a inda na jera ba. Mijina ya rasu, ɗiyata tana aure nesa. Baba ya lura da halina tun ina ƙarama. A ciwonsa na ƙarshe ya sa aka ɗauko muciyar fudin, ya miƙa mini gaban kowa, ya ce, “Wagga ita ke riƙe jeri.” Zama ɗiyar fari yana da nasa tsarin. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido da ido, in tana son abu gare ni sai ta ce wa ƙanwata, “Ki ce ma waccan.” Ni ma tun da na yi wayo ban taɓa yi mata tambaya kai tsaye ba. Ba gaba ba ce, alkunya ce, kuma haka na ga ana yi a kowane gida mai mutunci.

Autanmu kuwa na girme shi da nisa, ni na goya shi. Yana lambu a Badaguishiri, albasa da tumatir. Mutum ne mai barkwanci, mai ƙarar murya, ba ya zuwa ko'ina a kan lokaci. Ranar sadakar bakwai, da aka fito da tufafin Baba don rabawa, ya same ni a bakin rumbu.

“Yaya, ni ba ni son riga, ba ni son hula. Sisin nan kawai ki ba ni.”

“Sisi na gida ne, ba na mutum ɗaya ba.”

“Ai ni na fi kowa cin karo da shi. Dubi haƙorina, shi ya ɓantare shi.”

“Shi ya sa ba za a ba ka ba. Ka ci rabonka.”

Ya yi dariya ya ce, “To, ranar da ya ɓace kada ki neme ni.”

Ban yi dariya ba, amma na san wasa yake.

Ranar goma ga wata muka bi jeri. Ɗiyar auta ta fara juyawa, ni na juya ta tara. Yanzu Inna ce babbar gida, ita ke da jefa sisi. Tana takaba, ba za ta fito gaban surukinta ba. Sai na ɗauki ƙwaryar na kai bakin ɗakinta, na tura ta ƙarƙashin asabari, da muciya, da sisin a kan ɗan faranti. Ƙanwata ta leƙa ta ce, “Inna, ga ƙullu, ke ce ta ƙarshe.” Duka muka juya baya. Na ji muciya tana gogar ƙwarya, na ƙirga, sau uku. Aka turo ƙwaryar waje, aka turo farantin, ba komi a kansa. Na juye ƙullun cikin ƙyalle na ɗaure da hannuna.

Washegari, a lokacin da na faɗa da farko, na yanka shi kashi goma. Na Inna ni na marmashe mata shi a kwano saboda haƙoranta, ƙanwata ta kai mata. Aka zauna a tabarma bisa girma. Mijin ƙanwata direba ne, yana jan motar kasuwa tsakanin Malbaza da Konni, shi ma haƙoransa sun soma tafiya. Ya tsoma nasa rabon cikin shayi a kofin gilashi, yana dama shi da cokali.

Auta ya ce, “Tsoho, ko a dama maka koko?”

“Yaro, ranar da na auri yayarka kana yawo ba wando.”

“Amma da haƙora nake yawo.”

Ana cikin haka salular auta, wayarsa ta hannu, ta yi ƙara. Ya miƙe da rabonsa a hannu ya nufi zaure.

Na ce, “Ba a tashi da rabo.”

“Yanzu in dawo, Yaya, mai gyaran injin ruwa ne.”

Ya daɗe kamar minti biyar. Ya dawo yana lasar yatsa, hannu ba komi.

Da aka gama na tashi na fuskanci bango, a daidai inda Baba ke tsayawa. Na ƙirga ashirin a zuciyata, na juyo, na dubi ƙanwata na ce, “Namiji ne?”

Ta dubi mijinta, ta dubi tabarma. Sannan ta ce, “Yaya, ba wanda ya buɗe hannu.”

Na sa aka duba ƙyallen dafuwa, aka duba tukunya, aka kakkaɓe tabarma, aka bi gindin fudin da yatsa. Babu. A nan ya kamata in tsaya. Amma shekarata ta farko ce da muciya, kuma na ga kamar in abin ya lalace a hannuna tun ranar fari, na kunyata wanda ya ba ni. Na ce kowa ya koma mazauninsa, za mu bi rabo goma ɗaya bayan ɗaya.

Rabon yara huɗu, iyayensu mata ne suka marmashe su a tire gaban kowa, kamar kullum, don kada yaro ya haɗiye. Huɗu sun fita. Ƙanwata da matar auta a tiren nan suka marmashe nasu suka ci da yaran. Shida sun fita. Na direba ya narke a kofin gilashi, kowa ya ga gindin kofin. Bakwai. Na Inna ni na marmashe. Takwas. Nawa ni na ci, na san abin da ke ciki. Tara.

Na ce, “Saura rabo ɗaya.”

Auta ya dubi hagu ya dubi dama yana murmushi. “Na wa?”

“Wa ya tashi da nasa?”

“Haba Yaya, salula na amsa.”

“Wa ya ci nasa inda ba mai gani?”

“Wallahi ban ji komi a bakina ba sai dabino.”

“Wa ya roƙi sisi ranar bakwai? Wa ya ce in ya ɓace kada a neme shi?”

Murmushin ya tafi. Direba, da yake son ya sassauta zancen, ya ce, “Ko haɗiyewa ka yi, mai lambu? Mu jira safiya mu gani.” Yara suka fashe da dariya.

Ƙanwata ta matso ta ce a hankali, “Yaya, ko a tambayi Inna?”

Na ce, “A tambaye ta mi? Ko ta yi aikinta? Mace na takaba, a je a tsare ta da tambaya? Faranti ya fito ba komi, kin gani da idonki.” Na juya ga auta na ce, “Ƙa'ida ta huɗu ka sani. A gidanga ba a ƙarya ranar ga. Baba wata biyu kacal a ƙasa.”

Ya miƙe tsaye. Ya zazzage aljihunsa a kan tabarma gaban matarsa da ɗiyarsa da surukinmu: makulli, ɓarin goro, salula, guntun igiya. Ya cire hula ya kakkaɓe. Ya ce, “In cire takalmi?”

Na ce, “Zaure yana da ramuka da yawa.”

Cikin duk abin da na faɗa a rayuwata, wannan maganar ce nake so a ce ban faɗa ba. Ya kwashe kayansa ya mayar aljihu, ya sa hula. Ya je bakin ɗakin Inna ya durƙusa ya yi mata sallama. Ya ce wa matarsa, “Ɗauko yarinya.” Kafin magariba ƙarar babur ɗinsa ta ɓace. Ni kuwa na wanke tukunya da muciya, na jera komi a wurinsa, zuciyata tana gaya mini lissafina bai da ɓaraka. Goma, a cire tara, saura ɗaya.

Abin bai tsaya a gida ba. Direba ya ba da labarin a tasha don a yi dariya, ba da mugunta ba, wannan na shaida masa. Daga tasha ya hau motoci ya isa kasuwar Badaguishiri. Da farko ana ce wa auta mai haɗiye sisi. Kafin damina ta zagayo zancen ya zama wai ya sace azurfar gidansu ubansa bai daɗe a kabari ba. Masu lambun da suke tarayya a injin ban-ruwa, shi suka ba ajiyar makullin ɗakin injin shekara da shekaru. Wata rana suka karɓa suka ba wani, ba su faɗi dalili ba. Matarsa ce ta gaya wa ƙanwata, ƙanwata ta gaya mini. Na ce shi ya jawo wa kansa.

Bai daina zuwa gaida Inna ba, amma yakan zo ranar da ya san ina Illela. Da Cika-ciki ta zagayo na yi fudin ba sisi, ba wasa. Goma muka yanka, bakwai muka ci, saura na aika wa maƙwabta. Wadda ta biyo ma haka.

A tsakanin nan Inna ta soma canzawa, ko in ce muka soma gani. Takan sa gishiri a miya sau biyu. Takan tambayi mutanen da suka daɗe da rasuwa. Da yamma takan share gaban ɗakin Baba ta ajiye masa ruwan alwala. Da muka waiwaya sai muka gane tun cikin takaba abin ya fara, mu muka ɗauka baƙin ciki ne. A shekara ta uku na ajiye aikina na dawo gida don in kula da ita. Auta in ya zo yanzu dole ya same ni. Yakan ce, “Ina kwana, Yaya,” ya wuce ɗakin Inna, ya fito, ya tafi. Ba ya zama, ba ya shan ruwa.

Wata Laraba da hantsi na fito da kayan akwatinta don in shanya, saboda gara ta shiga ɗakin. A can ƙasa na sami zanen da ta yi takaba da shi. Ta hana a ba da shi sadaka ranar fita takaba, muka ƙyale ta. Na kakkaɓe shi, sai na ji wani abu ya bugi gwiwata. Ƙulli ne a haɓar zanen, irin wanda mata ke yi. Ya yi tauri, sai da na sa haƙori. Sisin ne. Tas yake, yadda na wanke shi na ɗora a faranti. Ko ɗigon ƙullu bai taɓa shi ba.

Na zauna a ƙasa na daɗe. Sannan na shiga ɗakinta na durƙusa, na yi abin da ban taɓa yi ba. Na buɗe hannuna gabanta na ce, “Inna, wanga mi ne?”

Ta dube shi, ta dube ni cikin ido, don mantuwa ta ɗauke mata har alkunyar. Ta ce, “Na mai gida ne. Wa ya ba ki? Aje mishi, in ya komo daga Sakkwato zai tambaya.”

“Ba ki jefa shi cikin ƙwarya ba?”

“Wace ƙwarya?”

Na gyara mata matashi na fita.

A ranar na sake bin lissafin daga farko, na ga inda ya karye. Rabo goma na bi, kuma kowanne na bi shi daidai. Abin da ban bi ba shi ne ko sisin ya shiga ƙullun. Zamanin Baba ba a buƙatar wannan tambayar, domin mai jefawa shi ne mai tambaya, ya san abin da hannunsa ya yi. A shekarar nan ne karo na farko aikin ya rabu biyu: jefawa ga Inna, tambaya gare ni. Tsakaninmu akwai asabari, akwai takaba, akwai alkunyar ɗiyar fari, kuma duka mun juya baya kamar yadda aka koya mana. Faranti ba komi ya nuna sisi ya bar faranti, bai nuna inda ya tafi ba. Ƙanwata ta ga wannan, ta faɗa, na rufe mata baki. Na ga ya fi mini sauƙi in sa ƙanena ya zazzage aljihu gaban iyalinsa da in yi wa uwata tambaya ɗaya ta bakin wata.

Washegari na bar Inna a hannun maƙwabciya na shiga mota zuwa Badaguishiri. Na same shi a lambu, wando a naɗe, yana buɗe wa albasa ruwa da fartanya. Ya gaishe ni, ya tambayi Inna, ya tambayi hanya. Na amsa duka. Sannan na kwance ƙyalle na nuna masa.

“A haɓar zanen takabar Inna na same shi. Bai taɓa shiga ƙwarya ba.”

Ya daɗe yana kallonsa, ruwa na wucewa ta kan ƙafarsa. Ya ce, “Ta san ta riƙe?”

“Ba ta sani ba.”

“To kada ki yi mata faɗa.”

“Ba faɗa na zo yi ba. Gafara na zo roƙo. Na yi maka ƙazafi.”

“Na yafe, Yaya. Tun shekarar na yafe, don ban iya sallah da abu a ƙirji.”

Na miƙa masa na ce, “Karɓi. Ka roƙa na hana. Naka ne.”

Ya ja da baya, ya ɗan yi dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta. “Ke mai lissafi ce, lissafa mini wanga. In aka gan shi a hannuna gobe, mi za a ce? Ga shi nan, ya gaji da ɓoyo ya fito da shi.”

Gaskiya ya faɗa.

Ya toshe ruwan da ƙasa, ya jingina da fartanya. Ya ce, “Gaban mutum tara kika faɗa. Taran nan sun zama kasuwa guda. Yau kin zo, daga ni sai ke sai albasa. Ni ban damu da makulli ba. Amma ɗiyata ta shiga lakwal, yara na ce mata ɗiyar mai sisi. Ta tambaye ni ko ɓarawo ne ni.”

“Za ka zo Cika-ciki?”

“Ranar da aka daina kiran yarinyar da sunan nan, zan zo in zauna in ci, ko ba zuma.”

Na dawo na tsara abin da zan yi. Na farko, na tara waɗanda suke tsakar gida ranar, har yaran, na nuna musu ƙullin zanen, na ce ni na yi kuskure, auta bai yi ƙarya ba. Na biyu, na sa direba ya mai da zancen tasha inda ya fara. Ya yi, ya kuma yi nadama ƙwarai, amma ya dawo ya ce mini, “Yaya, wancan labarin ana dariya, shi ya sa ya yi tafiya. Wanga ba mai dariya, a tasha yake kwana.” Na uku, na koma Badaguishiri na sami dattijon masu lambu na faɗa masa komi. Ya saurara, ya ce Allah ya kyauta, ya ce ai shi dama bai yarda ba. Makullin dai yana inda yake. Na huɗu shi ne wannan rubutu. Ban saba rubutu mai tsawo ba, na yi shi cikin kwana tara, da hantsi, lokacin da Inna ke barci.

Ban sa sunan kowa ba, domin yarinyar ta ji sunanta a bakin mutane ya isa. Wanda ya san zancen ya san gidan. Inna kuma ba ta da laifi, kada wanda ya ɗora mata.

Saboda haka ina roƙon ka, kai mai karatu. In ka taɓa jin labarin mai lambun da ya sace azurfar ubansa, a tasha ko a kasuwa ko a bakin rijiya, ko ka ji yaro na tsokanar wata yarinya da shi, kada ka yi shiru ka wuce. Ka tsaya a wurin da ka ji, gaban waɗanda suka ji, ka ɗaga murya ka ce mutumin nan bai ɗauki komi ba, bai yi ƙarya ba, yayarsa ce ta yi masa ƙazafi kuma ta amsa da bakinta. In kai ma ka taɓa ba da labarin, ka koma wurin waɗanda ka ba, ka gyara. Don Allah ka yi wannan kafin wata Cika-ciki ta zo.